Wata uku da CPAP: abin da na karanto daga katin na'urata

'Yan uwa masu kwana da tiyo, barkanmu da war haka. Yau wata uku ke nan cif da na fara kwana da na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta tiyo zuwa takunkumin da ke fuska don kada maƙogwaro ya rufe cikin barci, kuma tun mako na biyar nake rubuta abin da nake gani a ɗan littafin da na ajiye a bakin gado. Ga abin da ya taru a ciki har da kurakuran da na tafka, ko wani ya tsallake ramin da na faɗa.

Gwajin barcin da aka yi mini ya nuna AHI 38. Ga wanda bai saba ba tukuna, AHI shi ne yawan lokutan da numfashi ke ɗaukewa ko ya ragu sosai a kowace awa ta barci, kuma ba a ƙirga ko ɗaya sai ya kai sakan 10. Ƙasa da 5 lafiya lau, 5 zuwa 15 da sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, daga 30 zuwa sama kuwa abin ya yi tsanani. Aka ba ni na'ura mai sauya ƙarfin iska da kanta, a buɗe daga 4 zuwa 20 a ma'aunin sentimita na ruwa, wato iyakar abin da take iya bayarwa. Watan farko aikina ɗaya ne: in farka in duba lambar AHI da ke allon na'urar. Kullum 3 ko 4. Minshari ya tafi, mai ɗakina ta samu barci, amma ni da rana ta take sai gyangyaɗi ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Mako na 5

Na zare katin memorin da ke jikin na'urar, na sa a kwamfuta, na buɗe shi da OSCAR, manhajar kyauta da ke zana duk numfashin da mutum ya ja tun daga kwanciya har tashi. Na fi minti goma ina kallon layuka masu launi-launi ban gane kansu ba. Sai na kashe duk sauran, na bar uku kawai: layin numfashi, layin ƙarfin iska, da layin yoyo, wato iskar da ke sulalewa waje. Ina ba duk mai farawa shawarar ya yi haka, don idan ka ce sai ka fahimci komai a zama ɗaya, rufe kwamfutar za ka yi.

Daren da na fara dubawa na yi awa 7, an ƙirga mini matsala 21, AHI ya tashi 3 daidai. Amma 17 daga cikinsu a wuri ɗaya suka cure, cikin minti 40, wajen ƙarfe huɗu na dare. A wannan ɗan tsakanin lissafin ya haura 25 a awa. Sauran daren fes yake, shi ya sa da aka raba sai komai ya ɓoye. Ga kuma wani abu da ya kamata mu riƙe: na'urar ba ta san ko barci kake ko idonka biyu ba. Da awannin da take kunne take yin rabon. Idan ka kwashe awa guda kana juye-juye da takunkumi a fuska, wannan awar ta shiga lissafi ta rage lambar.

Mako na 6

Wannan makon na ƙare shi a kan waccan curin. Idan ka buɗa zanen har ya zama minti biyu ne kawai a gabanka, kowane numfashi yana fitowa kamar ɗan tudu, sama shaƙa, ƙasa fitarwa. Lafiyayyen numfashi kansa a zagaye yake. Nawa kuwa, kafin a shiga curin, sai kawunan tuddan su fara bajewa kamar an datse su da wuƙa, su yi ta ƙanƙancewa, sannan layi ya miƙe ɗoɗar na sakan 20 ko fiye. Bayansa sai wani zabgegen numfashi, irin na wanda ya taso daga nutso. A sake komawa. Na daɗe ina kallon wannan wurin, domin ban taɓa sanin haka nake yi ba, dare bayan dare.

Bajewar kan tudun nan alama ce maƙogwaro ya matse amma bai rufe ba tukuna. Dalilin curewar a ƙarshen dare kuwa, barcin mafarki ya fi tsawo a rabin dare na biyu, a cikinsa ne tsokar jiki ke saki gaba ɗaya, har da ta harshe da maƙogwaro. Idan aka haɗa da kwanciyar rigingine, harshe ya koma baya. Nawa har da na uku: filo biyu nake ɗorawa, kai ya dunƙufo, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar iska ta lanƙwashe kamar tiyon da aka taka. Irin wannan ko na'ura ta ƙure ƙarfinta da wuya ta buɗe ta, kuma haka na gani, layin ƙarfin iska ya haura 15 amma curin bai watse ba. Na cire filo ɗaya, na jingina shi a bayana don kada in mirgina. Cikin dare uku curin ya ragu da fiye da rabi. Ban taɓa ko maɓalli ɗaya ba.

Mako na 7

Yoyo. Kowane takunkumi yana da 'yan ramukan da aka yi masa da gangan don iskar da ka fitar ta fice, wannan ba matsala ba ce kuma kada a toshe su. Na'urorin kamfanin ResMed suna cire wannan daga lissafi su nuna abin da ya ƙaru a kai, iyakar da suke ɗauka ba matsala ita ce lita 24 a minti. Wasu na'urorin jimillar duka suke nunawa, sai lambar ta yi girma ta tsorata mutum a banza. Ku fara sanin irin taku.

Siffar layin ita ke faɗin inda iskar ke bi. Idan ya yi tsini ya sauko nan take, galibi juyi ka yi takunkumi ya goce. Idan ya hau ya shimfiɗe na minti ashirin ko talatin, baki ne ya buɗe, iska na shiga ta hanci tana fita ta baki. Nawa na biyun ne, ga shaida ina tashi harshe a bushe kamar takarda. Kuma idan yoyo ya yi yawa, na'urar ba ta iya jin numfashin da kyau, don haka AHI na wannan lokacin ba abin dogaro ba ne.

A nan na yi wauta. Na ɗaure maɗauran takunkumin tamau, na ƙara ɗumin ruwan da ke jiƙa iska, na sa maɗaurin haɓa, duk a dare ɗaya. Garin gyaran gira na kusa rasa ido: na tashi da shatin roba a karan hanci, ruwa ya taru a tiyo yana ƙara ɓul-ɓul, yoyon ma ya ƙaru, kuma ban san wanne ya jawo wanne ba. Ashe robar takunkumi so take iska ta kumbura ta ta manne da fata, idan ka matse ta sai ta naɗe ta buɗe kafa. Na mayar da komai yadda yake. Daga ranar na kafa wa kaina doka: sauyi ɗaya, dare biyar, sannan a duba. Maɗaurin haɓa shi kaɗai ya isa. Ruwan tiyo kuma ya daina taruwa da na sauke na'urar ƙasa da gado na cusa tiyon cikin bargo.

Mako na 9

Na buga zanen darare bakwai na kai wa likita. Abin da na nuna masa shi ne rabin dare ƙarfin iskar yana wajen 9, kashi 95 cikin 100 na dare bai wuce 12 ba, amma kullum daga 4 na'urar ke tasowa, kuma da ta ga lafiya sai ta gangara ƙasa. Na'ura mai sauya kanta sai ta ji alamar matsewa take ƙara ƙarfi, don haka idan ƙasan, wato mafi ƙarancin ƙarfin da aka saita mata, ya yi ƙasa da yawa, kullum a baya take. Likitan ya ɗaga ƙasan zuwa 8. Ban ce kowa ya kwafi lambata ba, maƙogwaron kowa daban, kuma mai ciwon zuciya ko huhu bai kamata ya taɓa waɗannan da kansa ba.

Toshewa ta kusa ɓacewa, sai wata sabuwar alama ta fito, mai harufan CA. A toshewa, ƙirji yana ƙoƙarin ja amma hanya a rufe take. A wannan kuwa hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce ba ta ba da umarnin numfashi ba. Wasu na'urorin suna bambance su ta hanyar aika 'yan ƙananan bugun iska su ji ko hanya a buɗe take, har za ka ga layin yana ɗan karkarwa a wurin. Da numfashi ya samu sarari, jiki yakan fitar da iskar kabon fiye da yadda ya saba, ita ce kuma ke zaburar da ƙwaƙwalwa ta ce a ja numfashi. Ga mutane da yawa abin yakan lafa da kansa cikin makonni. Ƙara ƙarfin iska ba ya maganinsa, yana ma iya ƙara shi. Da na bi nawa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu bayan wani babban numfashi da hargitsewar layi suke zuwa, wato na juya ne na ɗan riƙe numfashi. Waɗannan ba na sa su a raina. Wanda ya ga nasa suna jeruwa cikin barci mai nauyi, numfashi na girma yana ƙanƙancewa kamar igiyar ruwa, wannan na likita ne, kada a jira.

Na kuma sha kumburin ciki da gyatsa da safe na kwana huɗu, haɗiyar iska ce. Ya wuce.

Mako na 12

Wani abu da na daina yi shi ne cire takunkumi da na ga na cika awa 4. Wannan adadin daga tsarin inshorar Medicare ta Amurka ya yaɗu: awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare 30 a jere, kafin a ci gaba da biyan kuɗin na'ura. Ma'aunin biya ne. Tun da likita Colin Sullivan ya fara gwada dabarar CPAP a Sidni ta Ostareliya a 1980, aikinta ɗaya ne, iska ta tokare maƙogwaro kada ya rufe, kuma da ka cire ta tokarar ta tafi. Ni da matsalata ke jira sai ƙarfe huɗu, cirewa ƙarfe uku daidai yake da ban sa ba.

Yanzu AHI yana yawo tsakanin 1 da 2, yoyo ya kwanta, gyangyaɗin rana ya ragu sosai ko da yake bai tafi duka ba. Na ƙara layi a littafina inda nake ba safiyata maki daga 1 zuwa 5 kafin in duba allon, don na lura lambar tana sauya mini yadda nake ji. Sau biyu na ba da 2 a daren da AHI bai kai 1 ba. Da na buɗa zanen, kawunan tuddan a baje suke kusan awa biyu, ba tare da an ƙirga ko ɗaya ba. A kan wannan zan zauna mako mai zuwa, kuma zan kwana da ɗan ma'aunin oksijin na yatsa in ɗora zanensa a kan na numfashi.