Darussan da Na Koya a Gaban Lesar Rini

Duk wanda ya fara aiki da lesar rini, wato na'urar da ke fitar da siririn haske mai launi daga rini narkakke, hankalinsa kan madubai yake tafiya, domin su ne ake juyawa a ga haske ya ƙaru ko ya ragu. Amma abin da aikin ɗakin gwaje-gwaje ya koya mini shi ne, rabin lafiyar wannan na'ura tana hannun famfon da ke kora ruwan rinin.

A 1966 ne Peter Sorokin da John Lankard na kamfanin IBM suka fara fitar da hasken lesa daga rini narkakke, Fritz Schäfer ma ya yi hakan a Jamus a shekarar. Sai dai hasken walƙiya ne, ya zo ya wuce. Sai a 1970 masu bincike a kamfanin Kodak suka samu wanda ke ci ba yankewa, kuma gudun ruwa na cikin abin da ya ba su nasara.

Ga dalili. Idan aka haska rini irin Rodamin 6G da koren haske, ƙwayoyinsa sukan ɗauki ƙarfi su sake shi a matsayin haske mai ruwan lemo. Amma kaɗan daga cikinsu sukan zame su faɗa wani mataki da ake kira tiriflet, su maƙale a can. Ba su ba da haske, ga shi kuma suna shanye wanda 'yan uwansu suka bayar. In ruwan a tsaye yake, kafin ƙiftawar ido sun taru sun kashe lesar. Magani shi ne a kwashe su tun ba su yi yawa ba. Ɗigon da hasken ke sauka bai wuce faɗin maikuromita 20 ba (wato kashi 20 bisa miliyan na mita), to in ruwan na gudun mita 10 a daƙiƙa, kowace ƙwaya za ta ratsa wurin cikin kashi 2 bisa miliyan na daƙiƙa, sabuwa ta maye gurbinta. Wannan gudun ne kuma ke tafiya da zafi, wanda in ya zauna yakan sauya yadda ruwan ke lanƙwasa haske, ya ɓata siffar ɗigon da ke fita.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne bakin da ruwan ke fitowa. Siririyar tsaga ce, ruwan na fita ta cikinta a sarari, babu gilashi gaba babu baya. In komai ya daidaita, sai ka rantse ɓallin gilashi ne mai launi aka kafe a wurin, ko motsi ba ya yi a ido. Wannan shimfiɗar ruwan ita ce zuciyar lesar, don haka duk wata 'yar rawa da ta yi, hasken ma sai ya yi. Shi ya sa ake narka rinin a wani ruwan sinadari da ake kira etilin gilaikol, domin kaurinsa na hana fuskar ruwan yamutsewa.

A nan ne masu gaggawa ke shiga uku. Sun ji an ce gudu na da amfani, sai su ƙure matsin famfo. Da gudun ya wuce kima ruwan ya rikice, hasken ya kama kyarma. A ganina santsin gudu ya fi yawansa daraja, musamman ga mai auna abu da launi guda tak. Bugun famfo kansa yakan bi tiyo ya iso bakin, shi ya sa ake sa tulun kwantar da matsi a hanya. Kumfa ɗaya tal in ta gifta, lesar kan ɗauke ta dawo, wani lokacin a kan wani launin dabam.

Zafin ruwan ma ba abin rainawa ba ne. Da ya ɗumama kaurinsa zai ragu, matsin da ya yi daidai da safe ya zama ya yi yawa da rana. Etilin gilaikol kuma yana zuƙar laima daga iska, yana tsinkewa a hankali. Don haka yanzu in ƙarfin haske ya faɗi, nakan fara duba ma'aunin matsi, da injin sanyaya ruwan, da matatar, kafin in taɓa madubi ko ɗaya.