Ranar Laraba, ni da Anti Rabi a kan kibod

Kafaɗata ta dama ba ta yi tsami ba yau, alhamdulillahi. Tun da na koma ƙaramin kibod ɗin nan mai madannai 87, wanda ba shi da ɓangaren lambobi na gefe, maus ya matso kusa da jikina, na daina miƙa hannu can waje. Madannai 17 kacal aka cire daga 104, amma wurin da suke ci a tebur ya kai faɗin tafin hannu.

Bayan azahar sai ga Anti Rabi, kwamfutarta ta ƙi tashi, ga albashin malamai ana jira. Ta zauna a kujerata, ta buɗe Excel, hannunta ya nufi dama da kansa, ya daki katako.

"Ke, ina rabin abin nan? Ɓera ya ci?"

Na ce, "Anti, ai ga lambobi a layin sama."

"Sai na tsaya ina kallonsu ɗaya ɗaya? Can yatsana na tsakiya yana kan 5, ina jin ɗan tudun nan, idona na kan takarda, ƙaramin yatsa na buga Enter. Wannan naki kayan 'yan gayu ne."

A kan lambobi gaskiyarta, ban musa ba. Mai yini tana zuba kuɗi a layi, hannu ɗaya ya ishe ta da wancan ɓangaren. Ni wasiƙu da tambayoyin jarrabawa nake bugawa. Amma 'yan gayun nan ya tsaya mini a rai, abin da kamfanin kwamfuta na IBM ya ƙera irinsa tun 1987. Kuma ni ma ya ci ni a wani wuri: da a Word ina danne Alt in buga 409 a ɓangaren lambobi na gefe, harafin ƙ ya fito. Yanzu sai na rubuta 0199 sannan Alt da X.

Da ta tashi na ga tana murza kafaɗa, ana jin ƙamshin man zafi a mayafinta. Na ce akwai ɓangaren lambobi da ake sayarwa daban, ta ajiye shi a hagu, maus ya samu wuri.

"Da hagu zan ƙirga haƙƙin mutane? Allah ya kiyaye."

Tun la'asar nake jin ba daɗi. Ta girme ni, kuma ba zan iya ce mata ciwon nan da tebur ɗinta yake ba.

Tuwo ya yi gishiri. Sadik ya ce zai duba kwamfutar gobe, in ya tuna.