Kafin a iso da shi asibiti

Aikin jinya a ɗakin gaggawa a nan Katsina ya nuna mini cewa mutumin da zuciyarsa ta tsaya cak a kasuwa ko a masallaci, sau da yawa kafin a shigo mana da shi aikin gama ya gama. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini bai isa gare ta ba. Kafin a tare Keke Napep a Ƙofar Ƙaura, a ciccibe shi, a ratsa cunkoso, mintunan sun ƙare.

Mutanenmu ba su rasa tausayi ba. Da mutum ya yanke jiki ya faɗi za a yayyafa masa ruwa, a yi masa fifita, wani ma ya nemi ɗura masa madara, wadda kan iya bi ta hanyar numfashi ta shaƙe shi. Hannu a ƙirji ne ba a kaiwa. Idan an jijjiga shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi yadda aka saba, a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora tafin hannu bisa ɗaya a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Wani ya kira lambar gaggawa ta 112, wani ya nemo mota. Ko haƙarƙari ya karye, kada a tsaya. Ƙashi yana warkewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kakarin nan da mai faɗuwa kan yi. Ana jinsa sai a ce gargara ce, a koma laƙƙana masa kalmar shahada. Alhali a farkon tsayawar zuciya ake yawan jinsa, lokacin da dannawa ta fi amfani. Ajali na Allah ne, amma bakinka na iya yin shahada hannunka yana aiki. Idan mace ce ta faɗi kuwa, sai maza su ja da baya don kunya, shi ya sa nake nacewa mata su koya.

Masu kallon ƙwallo sun ga Christian Eriksen, ɗan wasan Denmark, ya faɗi a fili a 2021, aka danna masa ƙirji nan take, aka jona masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya koma wasa. Samuel Okwaraji, ɗan wasanmu na Najeriya, ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, bai tashi ba.

Da za a ba ni zaɓi, da 'yan agajin masallatan Juma'a da direbobin Keke zan fara koya wa, domin su ne a wurin kafin mu.