Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ajin Ƙarfafawa

A makon jiya na tsaya a inda Fada ya kira ni bayan Misar safe, ya damƙa mini ajin matasa masu shirin karɓar sakramentin ƙarfafawa, ɗaya daga cikin ibadu bakwai masu tsarki na Ikilisiyar Katolika. Yawancinsu 'ya'yan mutanenmu ne da suka zo Garwa daga wajen Mubi da Yola. Wasu kuma iyayensu sun sauko ne daga duwatsun Mokolo, suka zauna a Yelwa har Hausa ta kama bakinsu. A makaranta Faransanci suke yi, a kasuwa Fulatanci, amma idan magana ta kai ga zuciya, da Hausa muke yin ta.

Sakramenti bakwai ɗin nan duk sun haddace su. Hadda kam ba ta yi musu wuya ba, sai dai ba ita nake nema ba. Wata Asabar na roƙi Fada ya fito mana da kwalbar man krisma su gani da idonsu. Na ce musu Bishop ne ke tsarkake shi a Mako Mai Tsarki, sau ɗaya a shekara, a rarraba wa majami'u. Shi aka shafa muku a ka ranar baftisma, shi za a shafa muku a goshi ranar ƙarfafawa, shi ne kuma ake shafa wa sabon Fada a tafin hannu ranar naɗinsa. Waɗannan ukun ba a maimaita su, domin hatimin da suke bari ba ya goguwa. Ajin ya yi tsit, har masu surutun baya.

Da muka zo kan aure, 'yan matan sun sha mamaki da na ce ba Fada ne ke ba da wannan sakramenti ba, ango da amarya ne ke ba wa juna, shi shaida ne a madadin Ikilisiya. Na daɗe a kan wannan darasi da gangan. Yana yi mini ciwo yadda muke nuna wa yara kamar Fada da Sista kaɗai Allah ke kira, sauran jama'a kuwa ragowa ne. Uwar da ta riƙe gida da addu'a cikin talauci, ita ma kira ta amsa.

Bayan wannan ne wani yaro, ɗan fari a gidansu, ya biyo ni har bakin titi. Ya ce, "Baba katikis, ni Fada nake so in zama."

Na ce, "Madalla, ɗana. Me ka gani?"

Ya yi shiru, can ya ce yana son karatu, kuɗin makaranta kuwa ya gagari mahaifinsa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, gaskiya ya faɗa. Amma na nuna masa cewa son karatu daban, kiran Allah daban, ko da yake wani lokaci Allah kan shigo ta wannan ƙofar. Hanyar doguwa ce: ƙaramar seminari, wato makarantar horar da masu son zama Fada, a Gidar, sannan babbar seminari ta Waliyi Agustin a Marwa, shekaru na falsafa da tauhidi, kuma dokar Ikilisiya ba ta yarda a naɗa mutum firist, wato Fada, kafin ya cika shekara 25 ba. An tsawaita ta ne don mutum ya san zuciyarsa, Ikilisiya ma ta san shi. Sauri kan haifi nawa.

Sai na ba shi labarin Baba Simon. Simon Mpeke mutumin kudu ne, yana cikin 'yan Kamaru na farko da aka naɗa firist a 1935. Yana da babbar majami'a a Duwala, ana girmama shi, ya bar ta ya hau arewa, ya zauna a Tokombere daga 1959 cikin mutanen dutse, yana yawo ba takalmi, har ƙarfinsa ya ƙare ya rasu a 1975. Na ce wa yaron, "Idan aka ce gobe can za a tura ka, ba mota, ba lantarki, ba mai kiranka da sunan girma, zuciyarka za ta yi murna ko za ta karaya? Kada ka ba ni amsa yau."

Na sa shi ya riƙa bin mu kai tarayya mai tsarki ga marasa lafiya ran Lahadi da yamma, ya kuma zaɓi Fada ɗaya da zai riƙa buɗe wa cikinsa. A ɗakin tsohuwar da ba ta iya tashi, a nan nake gane yaro. Wani tun daga bakin ƙofa yake toshe hanci. Shi wannan durƙusawa ya yi ya gyara mata tabarma ba wanda ya sa shi.

Da damina ta kama, sai ga mahaifinsa a ƙofar gidana da sassafe, ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba. Ya ce, "Malam, ɗan farina za ku raba ni da shi? Wa zai haifa mini jikoki, wa zai riƙe gidan nan bayan raina?" Abin da muka tattauna da shi a zauren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.