Abin da zama da kwamitocin ƙauye ya koya mini a Jazira

Aikin da na yi da kwamitocin manoma tsakanin Sinnar da Wad Madani, a yankin noman rani na Jazira a ƙasar Sudan, ya nuna mini cewa sauke wa ƙauye nauyi ba ya yi wa gwamnati wuya, kuɗin ne ba ta saki. Dokar Jazira ta 2005 ta miƙa kula da ƙananan magudanan ruwa ga ƙungiyoyin manoma. A takarda abin ya yi kyau, tunda mai gona shi ya san inda ruwa yake maƙale masa. To amma ruwan da ke zuwa daga madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925, duk damina laka yake kwasowa daga tsaunukan Habasha, kuma yasar wannan laka sai da motar haƙa. Gayya da shebur ba sa iya mata.

Na ga magudanar da ciyawa ta cinye har awaki na kiwo a tsakiyarta. Mai hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, a ƙarshen layi yana tsaye yana kallon dawarsa tana naɗe ganye, na farkon layi kuwa gonarsa ta yi taɓo. In an zauna taro, wanda ya iya biyan kuɗin man mota shi ake saurara. Dattijon ƙarshen layi ya ce, "Ya ɗana, ku rubuta sunana dai," aka rubuta, ruwa bai zo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, Hausawa da mutanen Darfur da kakanninsu suka zo cirar auduga suka zauna a gefen magudana. Su ke noman, amma da yake ba su da hawasha, ba su da kujera a ƙungiya. In an zo rabon famfo ko ajin makaranta, sai a ce ƙauyensu ba ya cikin rajista.

Mai Wurno, wani gari kusa da Sinnar, ba haka take ba. Tun da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa ta bayan yaƙin Burmi na 1903, garin yana da ƙasarsa da sarautarsa, yana da mai zuwa ya yi magana da hukuma. Shugaban ƙasa Numairi ya soke mulkin sarakunan gargajiya a farkon shekarun 1970, ya kawo majalisun jama'a, amma a ƙauyuka da yawa rigimar iyakar gona ba ta daina zuwa zauren shehu da umda, wato masu sarautar gargajiya, ba.