Abin da wilin alminiyam ya koya mini a Suame Magazine

A Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi a Gana, duk mai kwamfureso da bindigar feshi zai iya mayar da wilin Land Cruiser baƙi ƙirin yana sheƙi kafin la'asar. Amma motocin da ake kawo mana ba na yawon Adum, tsakiyar gari, ba ne. Hilux ne da Patrol masu shiga dazukan haƙar zinariya, ko ƙauyukan Bole da Wa, inda tsakuwa ke dukan wili yini guda, jar ƙasa ta liƙe masa. Can ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya shafa launi kawai.

Alminiyam ba ya son fenti. Da zarar ka goge shi iska ta taɓa shi, sai ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, a kanta kuwa fenti ba ya kamawa. Shi ya sa maigidana ba ya yarda a goge wili yau a fesa gobe. Za mu wanke maiƙo da ƙurar birki tas, mu bi shi da sanfefa mai lamba 180, mu dawo da 320, mu share, nan take a fesa firaima, wato fentin ƙasa, mai asid wadda ke cizon ƙarfen. Buroshin waya na baƙin ƙarfe ba ya zuwa kusa, don ɓurɓushinsa na maƙalewa ya haddasa ci a ƙarƙashin fenti. Soda irin ta haɗa sabulu kuwa cinye alminiyam take yi, ko da wani ya ce tana saurin cire tsohon fenti.

Lokacin gugar nan ne nake duba tsaga, musamman gindin ƙafafun wilin da bakin da ke riƙe taya. Fenti na rufe tsaga kamar yadda hoda ke rufe tabo, ita kuwa tana nan tana ci gaba. In na gani, sai na kira mai motar ya sa yatsa ya ji da kansa.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne inda ba a fesawa. Bayan wili, wurin da ke haɗuwa da hab, wato ƙarfen da ake ɗaure wilin a jikinsa, da ramukan da noti ke zama, duk salatif muke manna musu. Wani Alhaji ya taɓa cewa a fesa ko'ina, ba ya son ganin fari. Maigidana ya ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, nan kam ba zan sa fenti ba. In birki ya yi zafi fentin zai lotse, noti ya saki, kana tsakiyar hanya da iyali." Har yau nakan roƙi direba ya sake ɗaure notinsa bayan ya yi kilomita 50 zuwa 100.

Feshin kansa shafi ne siriri sau biyu ko uku, da ɗan jira a tsakani. Da hunturu muna yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura, da damina kuma muna jiran rana ta ɗaga, don laima na sa fentin sama ya yi hazo. Fentin da ake haɗawa da hadina, wato sinadarin da ke sa shi tauri, ya fi jure tsakuwa, sai dai tururinsa na cutar da huhu, kuma ƙyallen da yara ke ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Yaran da ke ƙarƙashina yanzu, ba mai riƙe bindiga sai ya sa takunkumi mai matata.