Ranar da na fara ganin alƙaliya

Talata, bayan isha'i, Leeds, Ingila.

Yau aka yi zaman farko a ƙarar da na shigar a kotun ma'aikata, kuma ko ƙofar gida ban leƙa ba, ta bidiyo aka yi. Goma saura kwata na ɗora kwamfutar maigida a teburin kicin, na kwashe kofunan shayi, na miƙa wa maƙwabciyata jaririya da kwalbar madara. Har sabon mayafi na yafa, kamar mai zuwa biki.

Wata bakwai ke nan da na tura fom ɗin shigar da ƙara, wato ET1, bayan kamfanin kula da tsofaffin da nake wa aiki ya sallame ni mako uku da sanar da su ina da juna biyu. Lokacin na ɗauka na gama mai wuyar. Kotu ta aika musu kwafi, doka ta ba su kwana 28 su ba da amsa a fom ɗin ET3, suka bari sai da wa'adin ya kusa cika. Ranar da na karanta amsar ko abinci ban iya ci ba. Wai yawan makara ne ya sa suka kore ni.

Jiya kwana na yi ina bitar abin da zan amayar. Ina farawa alƙaliyar, wata dattijuwa mai gilashi, ta tare ni cikin ladabi, ta ce yau ba ranar sauraron shaida ba ce, ranar tsara shari'a ce. Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Sai ta riƙa tambayata ɗaya bayan ɗaya: yaushe na sanar da su, wa na faɗa wa, da baki ne ko a rubuce? Lauyan kamfanin yana can gefen allo yana ta rubutu. Daga amsoshinmu ta fitar da jerin abubuwan da kotu za ta warware, babbansu shi ne ko cikin ne sanadin korar, a ƙarƙashin Dokar Daidaito ta 2010, wadda ta hana nuna wariya. Abin da ya sanyaya min rai, irin wannan ƙarar ba ta buƙatar sai mutum ya shekara biyu a wurin aiki, don ni wata goma sha huɗu kawai na yi.

Sannan ta jero mana aiki da ranaku. Zan rubuta lissafin asarata, albashin da na rasa da hujjar cewa ina neman wani aikin. Za mu yi musayar takardu, lauyansu ya haɗa su kundi guda mai lambar shafi, daga baya kowa ya rubuta bayanin shaidarsa a yi musaya rana ɗaya. Babban zama kwana uku ne, sai baɗi. Kafin nan yarinyar nan ta fara tafiya.

Da la'asar Inna ta kira daga Zariya. "Ke dai ki bar su da Allah, kar ki ƙarar da kuɗin mijinki a kotu." Na ce, "Inna, ba a biyan ko sisi." Tun 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta soke kuɗin shigar da ƙara, kuma a wannan kotun ba kasafai ake ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin lauyan abokin shari'arsa ba. Abin da ban faɗa mata ba, hukuncin a intanet ake wallafa shi da sunan mutum ƙuru-ƙuru. Maigida yana ganin idan suka nemi sulhu ta hannun ACAS, hukumar da ke sasanta ma'aikata da iyayen gidansu, mu saurare su, tunda ƙofar a buɗe take har ranar zama. Ni dai ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Yanzu na zazzage gwangwanin biskit ɗin da nake tara takardun albashi a kan gado, ina kuma bin tsofaffin saƙonnin WhatsApp. Alƙaliyar ta nanata cewa duk takardar da ta shafi ƙarar dole a miƙa ta, har wadda ba ta yi wa mutum daɗi ba. Ga shi na ci karo da saƙo biyu da na tura wa manaja ina ba da haƙuri bas ta makarar da ni, dukansu kafin cikin. Na daɗe ina kallonsu. Na ɗauki hotonsu na saka cikin jakar da zan tura. Jaririya ta farka, sauran sai gobe.